Time::gmtime na Perl: ya raɗa wa gurabe suna, amma lissafin yana nan yadda yake

Duk wanda ke rubuta ƙananan shirye-shirye da yaren Perl, ko ba daɗe ko ba jima sai lokaci ya haɗa shi da umarnin gmtime, mai fitar da kwanan wata da awa a agogon duniya. Akwai wani ɗan ƙunshi da ke zuwa tare da yaren, sunansa Time::gmtime, wanda aka yi shi don sauƙaƙa wannan umarni. Ina amfani da shi, kuma ya yi mini rana, amma ba zan ce wa kowa ya rungume shi ido rufe ba. Abu ɗaya ya iya, ya kuma iya shi da kyau. Sauran wahalar kuwa ya bar maka kayarka.

Ni mazaunin wani ƙauye ne tsakanin Gumel da Maigatari. Ni ke riƙe wa ƙungiyarmu ta manoman riɗi da zoɓo lissafi, kuma ni ke haɗa wa wasu samari masu POS cinikinsu na mako. Kayan aikina tsohon laftof ne mai Linux, ana caja shi da solar shagon wani maƙwabcina. Ban zaɓi Perl don na fi son sa da sauran yarukan ba. Na tarar da shi a cikin na'urar ne, kuma a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa, data kuma da tsada, abin da ka tarar a gida ya fi wanda sai ka sauko da shi. Bayanan cinikin da nake tacewa wasu suna zuwa da lokaci a rubuce kamar yadda mutum zai karanta, wasu kuwa lamba ce doguwa kawai, irin 1700000000.

Wannan lamba ƙidayar sakan ce. Kwamfutocin dangin Unix suna ƙirga sakan nawa suka shuɗe tun daga sha biyun daren da ya buɗe ranar 1 ga Janairu, 1970, a agogon duniya. Ranar kuwa Alhamis ce, wato da a nan ne da ranar kasuwar Maigatari ce. Agogon duniyar nan ba baƙo ba ne ga duk wanda ya tashi da rediyo a kunne. Shi ne wanda masu labarai ke cewa ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar. An tsayar da layin Greenwich na Ingila a matsayin mafarin awon duniya a wani taro da aka yi a Washington a 1884. A yau masu fasaha UTC suke cewa, kuma a aikin irin nawa bambancinsu da GMT bai taka kara ya karya ba. Mu muna gaba da shi da awa ɗaya cif, rani da damina.

Aikin gmtime shi ne ka miƙa masa doguwar lambar, ya warware maka ita. Na asalin da ke cikin Perl yana dawo maka da lambobi tara a jere: sakan, minti, awa, ranar wata, wata, shekara, ranar mako, ranar shekara, sai na ƙarshe da ke nuna ko ana cikin lokacin da wasu ƙasashe ke tura agogonsu gaba. Babu suna a jikin ko ɗaya. Kamar a sauke maka buhu tara a sito ba rubutu a jikinsu, a ce na biyar gero ne, na shida dawa, ka riƙe a ka. Ranar da ka rubuta shirin kana sane. Bayan kaka ta wuce ka dawo kana son gyara wani abu, sai ka ga ka rubuta (gmtime)[4], ka tsaya kana ƙirga da yatsu, ko wata ne ko shekara. Ƙirgar ma daga sifili take farawa, don haka [4] shi ne na biyar.

A nan ne ƙunshin ya shigo. Tom Christiansen ne ya rubuta shi, ɗaya daga cikin tsofaffin hannu a Perl, yaren da Larry Wall ya fitar a 1987. Ƙunshin yana cikin kayan da ake raba Perl da su tun fitowa ta 5.004 a 1997. Da ka sa layi ɗaya a saman shirinka, gmtime ya daina ba ka jeri, sai ya ba ka abu guda mai gurabe tara, kowane gurbi da sunansa:

use Time::gmtime;
my $g = gmtime(1700000000);
print $g->hour, ":", $g->min;

Sunayen su ne sec, min, hour, mday, mon, year, wday, yday da isdst, an ɗauko su daga tsarin yaren C. Lambar can ta sama za ta ba ka awa 22, minti 13, sakan 20, ranar wata 14. Wato ƙarfe goma da minti sha uku na daren Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, a agogon duniya.

Wannan shi ne alherinsa, kuma kada a raina shi. Ƙanena da ke taya ni aiki idan makaranta ta yi hutu bai taɓa karanta littafin Perl ba, amma da ya ga $g->mday ya gane ranar wata ake nufi. Da jerin lambobi ne da sai ya zo ya tsaya a kaina yana cewa, “Yaya, wannan ukun na mene ne?” Shirin da wani zai iya buɗewa ya gane ba tare da mai shi yana kusa ba, a wurinmu abu ne mai muhimmanci, domin lissafin ƙungiya amana ce, kuma yau kai ne, gobe wani ne. Ga shi ba ya cin data ko kaɗan. In kana son tabbatarwa yana cikin na'urarka, rubuta perl -MTime::gmtime -e 1. In shiru ya biyo baya, yana nan. In ya yi ƙorafi, to wataƙila guntun Perl aka sa maka, domin wasu nau'o'in Linux kamar Debian suna ware ɗan ƙaramin sashe daban, cikakken kuma daban. Ƙunshin kansa ƙarami ne ƙwarai. Na buɗe fayil ɗinsa na karance shi kafin shayina ya huce, kuma ina son kayan aikin da zan iya ganin cikinsa gaba ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tambayi wannan $g ɗin wane wata ne, zai ce maka 10. Nuwamba kuwa wata na sha ɗaya ne. Tambaye shi shekara, zai ce 123. Ƙunshin ya sa suna, amma bai taɓa lambobin ba. Wata yana nan daga 0 zuwa 11, Janairu sifili, Disamba sha ɗaya. Shekara kuwa an cire mata 1900, sai ka mayar da hannunka. Ranar shekara daga sifili take farawa, shi ya sa 14 ga Nuwamba ta fito 317 maimakon 318. Ranar wata ita kaɗai ta fita zakka, daga 1 take tashi. Ranar mako ma daga sifili, Lahadi ce 0, Asabar 6.

A ganina suna ya ƙara wa tarkon haɗari. Mai aiki da jeri mara suna yana tafiya a tsorace, yana duba takarda kowane lokaci. Wanda ya ga an rubuta year sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka shekara ce sukutum za a ba shi. Wannan tsari na cire 1900 shi ne ya sa a farkon shekarar 2000 shafukan intanet da dama suka nuna 19100, saboda masu shirin sun liƙa 19 a gaban lambar maimakon su tara ta da 1900. Ƙunshin da aka yi don a daina ruɗewa ya kamata a ce ya kawar da wannan. Na san dalilin da ya sa aka bar shi, ana so lambobin su yi daidai da na asali da na C. Dalili ne mai kyau ga wanda ya fito daga C. Ga ɗan ƙauyen da ke son ya buga rasit, ba wani amfani.

Sifilin yana da gefe ɗaya mai daɗi, gaskiya ɗaya ce. In ka jera sunayen ranaku daga Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a, Asabar, lambar wday tana faɗawa kan sunan da ya dace kai tsaye. Haka watanni. Ni abin da nake yi ke nan, domin dattawan ƙungiya da Hausa suke son ganin takardarsu. Akwai umarnin gmctime da ƙunshin ke bayarwa, mai fitar da kwanan wata a layi ɗaya, amma da Turanci yake zuwa, Tue Nov 14 da sauransu, kuma ba ya sauya harshe. Yana da amfani in kana leƙen lokacin da aka taɓa wani fayil, amma ba abin miƙa wa Alhaji ba ne.

Abu na biyu da ya kamata mutum ya sani kafin ya sa shi cikin tsohon shiri: yana ture gmtime na asali ya zauna a kujerarsa, ba sallama. Duk wani layi a wannan sashe na shirin da ke jiran lambobi tara yanzu abu guda zai samu. Mazubi na farko ya karɓi abin gaba ɗaya, sauran takwas su tashi fayau. In ka ce ya buga gmtime kai tsaye, abin da za ka gani shi ne Time::tm=ARRAY da wasu haruffa a bayansa. Umarnin strftime na ƙunshin POSIX, wanda mutane da yawa ke tsara kwanan wata da shi, shi ma jeri yake so, don haka zai tsaya ya yi ƙorafi. Akwai mafita. Na asalin yana nan in ka kira shi da CORE::gmtime. Ko kuma ka ɗora ƙunshin da baka biyu wofi a gabansa, use Time::gmtime (). Sai ka riƙa kiran cikakken sunansa duk inda kake buƙata. Wasu sukan fasa abin su zaro jerin daga cikinsa, kuma yana yi, amma takardar bayaninsa ta gargaɗi mutane kada su dogara da yadda aka gina cikinsa a yanzu.

Akwai kuma hanyar :FIELDS, wadda ke zuba maka sakamakon a mazubai irin $tm_year da $tm_mon. Ba na son ta. Duk kiran gmtime na gaba yana share abin da ke ciki ya zuba sabo, don haka mai kwatanta lokacin shigar kuɗi da lokacin fitarsa zai iya ƙarewa yana kwatanta abu da kansa.

Inda ƙunshin ya fi shafar rayuwarmu shi ne awa ɗayan nan. Ranar Alhamis ciniki a Maigatari ba ya ƙarewa da faɗuwar rana. Fatake daga Nijar, masu sayen shanu da za a loda zuwa kudu, dillalai suna jiran la'adarsu, sau da yawa sai dare ya yi nisa ake gama tura kuɗi. A ce an yi ciniki ƙarfe sha biyu da rabi na dare a agogonmu. A wurinmu Juma'a ta shiga. A agogon duniya kuwa sha ɗaya da rabi ne na daren Alhamis. Duk abin da ya faru tsakanin sha biyu da ƙarfe ɗaya na dare, gmtime zai jefa shi ranar jiya. In daren ƙarshen wata ne, zai jefa shi watan jiya. Ƙara 3600 a kan lambar can ta farko ka gani: 1700003600 a agogon duniya har yanzu Talata ce 14 ga wata, sha ɗaya da minti sha uku, amma a Gumel Laraba ce 15 ga wata.

Na taɓa yi wa shugaban ƙungiyarmu wannan bayani lokacin da muke tsara yadda za a rufe littafin kowace rana. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, “To Malam, kuɗin da aka tura bayan sha biyu, na kasuwar wace rana ne?” Na ce, “Ranka ya daɗe, a kalanda na Juma'a ne.” Ya ce shi bai san da wannan ba, saniyar ranar Alhamis aka sayar da ita, kuɗinta na Alhamis ne ko da asuba ya shigo. Ya fi ni gaskiya. Ranar ɗan kasuwa ba ta ƙarewa sha biyun dare, kamar yadda ranar Musulunci ke sauyawa da magariba, ba tsakar dare ba. Muka tsayar da cewa ranar ciniki tana rufewa ƙarfe biyar na asuba. A shirin abin da sauƙi: biyar na asuba a nan huɗu ne a agogon duniya, sai na cire awa huɗu, sakan 14400, daga lambar kafin in miƙa wa gmtime, ranar da ta fito ita ce ranar ciniki. Ba wani ƙunshi da zai yanke maka wannan hukunci, amma Time::gmtime bai tare mini hanya ba, kuma layin ya fito a sarari yadda kowa zai karanta.

Wanda ke son agogon Najeriya tsantsa, ya tara 3600 a kan lambar kafin ya kira gmtime. Kada ya ƙara 1 a kan gurbin hour bayan an warware, domin sha ɗayan dare zai koma awa 24 kuma rana ba za ta motsa ba. Wannan dabara tana yi mana ne saboda ƙasarmu ba ta tura agogo gaba ko baya, tun 1919 muke kan awa ɗaya gaba da Greenwich. Nijar ma ba ta sauya agogo. Saudiyya ma a tsaye take, awa uku gaba. Amma mai hulɗa da Ingila ko Faransa ko yawancin Amurka kada ya gwada, agogonsu yana sauyawa sau biyu a shekara. Gurbin isdst ba zai taimake shi ba, a gmtime kullum sifili ne.

Za a iya tambaya me ya sa ba zan yi amfani da ɗan'uwansa Time::localtime ba, wanda ke bin agogon gida. Saboda yana dogara da yankin da aka saita wa na'urar. Yawancin laftof ɗin da ke zuwa mana na hannu ne daga waje, kuma masu gyara sukan daidaita agogon da ido su bar yankin yadda suka same shi. Ni kuma shirina yakan yi yawo a filas daga wannan na'ura zuwa waccan. Da gmtime, lamba ɗaya amsa ɗaya take bayarwa ko a ina. Sai dai wannan kariya ta tsaya ne ga lambar da ka miƙa masa. In ka kira shi ba lamba, agogon na'urar yake karantawa, kuma tsohuwar na'urar da ɗan batirin agogonta ya mutu takan farka da kwanan watan shekarun baya. Ba sabis balle ta daidaita kanta. Nan kam sai ka duba wayarka ka gyara da hannu kafin ka fara shigar da awo.

Maganar 2038 da ake ta tsorata mutane da ita, wato lokacin da ƙidayar sakan za ta cika ma'ajin tsofaffin na'urori da ƙarfe 3:14:07 na 19 ga Janairu a agogon duniya, Perl ya magance ta a gmtime tun fitowa ta 5.12 a 2010, kuma ƙunshin na asalin yake kira a ƙarƙashi. Kalandar Hijira kuwa babu ita a ciki sam. Wanda ke son 1 ga Ramadan ya jira sanarwar Sarkin Musulmi.

Abubuwan da bai iya ba suna da yawa. Ba ya tsara kwanan wata yadda kake so, sai ka haɗa da printf, umarnin tsara abin da za a buga. Ba ya karanta rubutaccen kwanan wata ya mayar da shi lamba. Ba ya komawa baya daga gurabe zuwa sakan, wannan aikin timegm ne na Time::Local, wanda shi ma yana zuwa da Perl. Ba ya gaya maka kwana nawa ne tsakanin ranar da aka ba manomi bashin taki da ranar da ya kawo riɗi, sai ka raba bambancin sakan da 86400 da kanka.

Don haka in wani ya zo yau zai fara sabon shiri, zan nuna masa Time::Piece tukuna. Shi ma yana cikin Perl tun 5.10 a 2007, ba sai an sauko da shi ba. Gurbin mon ɗinsa daga 1 zuwa 12 ne, year cikakkiyar shekara ce, yana da strftime da kuma strptime mai karanta rubutaccen kwanan wata a jikinsa, za ka iya ba shi sunayen ranaku da watanni na Hausa, kuma tsofaffin layukan da ke jiran jeri ba sa karyewa. Sai dai a kula, wday ɗinsa Lahadi ce 1, ba sifili ba, kuma kada a ɗora su biyun a sashe ɗaya tunda kowanne yana son sunan gmtime. Samarin da suka koyo Python a makaranta su ma su yi hattara in sun shigo Perl. A can time.gmtime yana da gurabe masu suna irin tm_year da tm_mon, amma shekara cikakkiya ce, wata daga 1, kuma Litinin ce sifili. Sunaye kusan ɗaya, lambobi daban. DateTime na CPAN, rumbun ƙunsoshin Perl da ke intanet, ya fi su duka iya yankunan duniya, amma yana jawo wasu ƙunsoshi da yawa a bayansa, kuma a sabis ɗinmu wannan aikin tsakar dare ne.

Ni tsofaffin shirye-shiryena na kan Time::gmtime, suna aiki, ban ga dalilin tayar musu da hankali ba. Na dai rubuta ɗan umarni guda wanda ke tara 1900 a kan shekara, 1 a kan wata, ya cire sakan 14400 na ranar ciniki, kuma duk sauran shirin ta wurinsa yake bi. In za ka yi amfani da ƙunshin nan, yi irin wannan tun ranar farko, sannan ka gwada shi da lambar da ta faɗa sha biyu da rabi na daren 31 ga Disamba a agogonmu, ka ga wace shekara zai ba ka.